In har jiki yana gyara DNA ɗinsa, me ya hana shi gyara sikila?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, kuma a darasin ilimin halittu an koya mana cewa kowace ƙwayar jikin ɗan'adam tana da hanyoyin gyara DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, idan ya samu lahani, har malaminmu ya ce ana yin wannan gyara sau dubbai a kowace rana a cikin ƙwaya ɗaya ba tare da mutum ya sani ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an kuma koya mana cewa cutar sikila ta samo asali ne daga sauyin harafi ɗaya tak a cikin ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini. To idan jiki yana iya gyara dubbai kullum, me ya hana shi gyara wannan guda ɗaya da ke wahalar da yara haka? Abin ya fi ba ni mamaki a kan mai AS, wanda yake ɗauke da lafiyayyen kwafi daga ɗaya cikin iyayensa, amma jikinsa bai yi amfani da shi ya daidaita ɗayan ba. Ina kuma son sanin alaƙar wannan gyara da ciwon daji, domin littafinmu ya ambace su tare amma bai yi bayani ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki tana cikin yadda ƙwayar jiki take gane cewa wani abu ya lalace, don haka daga nan zan fara.

DNA igiya biyu ce da aka murɗe tare, kuma kowace igiya jerin haruffa huɗu ce, wato A da T da G da C. Ƙa'idar ita ce A yana fuskantar T, G kuma yana fuskantar C, saboda haka wanda ya san abin da ke kan igiya ɗaya ya san abin da ya kamata ya kasance a kan ɗayar. Kowace ƙwaya mai DNA tana ɗauke da kimanin haruffa biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba, waɗanda idan aka miƙe su za su kai tsawon mita 2. A farkon shekarun 1970, masani Tomas Lindahl ɗan ƙasar Suwidin ya nuna cewa wannan zare ba shi da ƙarko kamar yadda ake zato, domin ɗumin jiki da ruwan da ke cikin ƙwaya kaɗai sun isa su sa kimanin haruffa 10,000 su ɓalle daga jikinsa a kowace rana. Akwai kuma wani lahani da yake yawan faruwa, inda harafin C yake rasa wani ɓangarensa ya koma U, harafin da ba shi da gurbi a cikin DNA. A 1974 Lindahl ya gano wani furotin, wato sinadari mai aiki a cikin ƙwaya, da yake bin zaren yana neman U, idan ya same shi ya cire shi, sannan wasu furotin su buɗe wurin, su duba igiyar da ke gefe su ga G, su mayar da C, su liƙe.

Hanya ta biyu tana aiki ne lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, ta kwafe DNA ɗinta gaba ɗaya. Furotin mai yin kwafin yana kuskure kusan sau ɗaya a cikin haruffa 100,000, yana kuma komawa baya ya gyara mafi yawansu da kansa. Abin da ya kuɓuce masa, kamar G da ya fuskanci T, wata tawaga ce take biyo baya ta gano shi saboda wurin bai zauna daidai ba, ta kankare sabuwar igiyar ta sake rubuta ta daga tsohuwar. Paul Modrich na Amurka ne ya fayyace wannan hanya, wadda take rage kuskuren kwafi da kusan ninki dubu.

Ki lura da abin da ya haɗa hanyoyin nan biyu: dole ne a samu alamar da ke nuna ɓarna, ko baƙon harafi, ko haruffa biyu da ba su dace da juna ba, sannan dole ne a samu igiya ta biyu da za a duba. Misalinsa mai shago da mai karɓar bashi ne, kowa da littafinsa. Idan ruwa ya ɓata shafi a littafi ɗaya, sai a duba ɗayan a gyara; idan kuwa lambar da ba daidai ba ce aka rubuta da kyau a littattafan biyu, babu wanda zai san akwai kuskure.

Wannan shi ne halin da sikila take ciki. A wurin da mai AA yake da GAG, mai sikila yana da GTG, kuma a igiyar da ke gefe T ɗin nan yana fuskantar A ne lafiya lau. Babu karaya, babu baƙon harafi, babu abin da ya karkace. A wajen masu gyara wannan rubutu ne mai kyau, kuma idan wani abu ya lalata shi, GTG ɗin za su mayar, domin aikinsu shi ne kiyaye abin da suka tarar, ba auna amfaninsa ga lafiyar mutum ba. Yaron da aka haifa da SS ya karɓi rubutun ne a haka tun daga ƙwan uwa da maniyyin uba, don haka kowace ƙwaya mai DNA ta jikinsa tana ɗauke da shi.

Game da mai AS kuwa, ƙwayar jiki ba ta gwada kwafin uwa da na uba don ta ga wanda ya fi. Kwafin biyu sun bambanta a miliyoyin wurare a jikin kowane mutum, kuma mafi yawan bambancin ba cuta ba ne, saboda haka ƙwaya ba ta da ma'aunin da za ta ce A ne daidai ba S ba. Ko a lokacin da igiyoyin biyu suka tsinke gaba ɗaya, ta fi dogara da sabon kwafin da ta yi na wannan zaren kansa, ba na ɗan'uwansa da ya zo daga ɗaya iyayen ba.

Abin da nake so ki riƙe don fahimtar ciwon daji shi ne cewa gyara yana da wa'adi. Idan U ɗin da na ambata ya kai lokacin kwafi ba a cire shi ba, za a sa masa A a gabansa, a rabuwa ta gaba kuma a sa wa A ɗin T, shi ke nan wurin da yake C da G ya koma T da A, kuma duk ƙwayoyin da za su fito daga wannan ƙwaya za su gaje shi.

Likitar Mata ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan sikila, ni zan ɗauki rabin tambayar na biyu, ƙanwata, domin shi muke gani a asibiti.

Hasken rana yana ɗauke da wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, kuma idan ya ratsa fata yana iya manne haruffan T biyu da ke maƙwabtaka, zaren ya yi ƙullutu. Maganin wannan shi ne hanya ta uku, wadda Aziz Sancar ɗan Turkiyya ya fayyace: ana yanke guntun igiyar mai kimanin haruffa 30 tare da ƙullutun, a cike gurbin daga igiyar da ke gefe. Shi da Lindahl da Modrich ne suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015. An san muhimmancin wannan hanya ne ta wajen yaran da aka haifa ba tare da ita ba, masu cutar da ake kira XP, wadda James Cleaver ya nuna a 1968 cewa rashin gyaran DNA ne yake kawo ta. Irin waɗannan yara fatarsu tana cika da tabo tun suna ƙanana, kuma da yawansu suna kamuwa da kansar fata, wato ciwon dajin fata, kafin su kai shekara goma idan ba a kare su daga rana ba. Cutar ba ta da yawa, amma an fi samunta a Japan da ƙasashen Arewacin Afirka irin su Tunisiya da Maroko, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwarta tunda sai yaro ya gaji lahanin daga iyaye biyu.

Ya kamata a bambanta wannan da halin zabiya, wanda shi ne muka fi sani a nan. Zabiya hanyoyin gyaransa lafiya suke, abin da ya rasa shi ne sinadarin da ke sa fata duhu, wanda yake tare hasken kafin ya isa ga DNA. Ɓarnar ce take yi wa masu gyara yawa a ƙarƙashin rana irin tamu, shi ya sa kansar fata take kama zabiya da yawa tun suna samari, galibi a fuska da wuya da kunne da bayan hannu. Malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana ba ado ba ne a gare su, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a fatarsu ya kamata likita ya gan shi da wuri.

Idan ɓarna ta yi yawa, ƙwaya tana da wani furotin mai suna p53 wanda yake tsayar da rabuwarta har a gama gyara, idan kuma abin ya gagara sai ya sa ta kashe kanta. A kusan rabin dukkan nau'o'in kansa ana samun ƙwayar gadon p53 ta lalace. Ƙwayar cutar HPV, wadda take haddasa kusan dukkan kansar bakin mahaifa, tana haɗa wani furotin da ke rusa p53, sai ƙwayoyin bakin mahaifa su ci gaba da rabuwa da lahaninsu shekara da shekaru. Wannan ne dalilin rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, kuma ina ganin da iyaye sun san wannan bayani da jita-jita ba ta yi tasirin da ta yi ba.

Sai BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gado biyu da aka gano a 1994 da 1995, waɗanda aikinsu shi ne gyara zaren idan igiyoyinsa biyu suka tsinke. Mace da ta gaji kwafi ɗaya lalatacce tana zaune lafiya da ɗayan, sai ranar da shi ma ya lalace a wata ƙwaya ta mama ko ta ƙwan mahaifa, daga nan wannan ƙwaya ta fara tara kurakurai da sauri. Fiye da rabin matan da suka gaji lahanin BRCA1 suna kamuwa da kansar mama a tsawon rayuwarsu. Wannan ba matsalar Turawa ba ce kaɗai, domin wani bincike da aka yi a Ibadan a kan mata fiye da dubu masu kansar mama, wanda aka wallafa a 2018 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, ya samu kusan kashi 11 cikin ɗari suna ɗauke da lahanin BRCA1 ko BRCA2. Saboda haka idan kina ɗaukar tarihin majinyaciya, ki tambaye ta game da mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata, kada kuma ki manta da gwaggwanninta, domin ana gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa.

Maganin ciwon daji ma a kan wannan ya ginu. Gasa ciwon da ake yi da hasken inji da yawancin magungunan kemo lalata DNA suke yi da gangan, da fatan ƙwayoyin kansa, masu saurin rabuwa da raunin gyara, za su mutu kafin lafiyayyu. Zubewar gashin kai da ƙarancin jini da kike gani a ɗakin masu kemo sun faru ne saboda tushen gashi da ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne. Akwai kuma magani mai suna olaparib, wanda aka amince da shi a 2014, da yake toshe wata hanyar gyara ta daban: lafiyayyiyar ƙwaya tana komawa ga BRCA ta tsira, ƙwayar kansar da ta rasa BRCA kuwa ba ta da inda za ta koma.

Malamin Gona ya rubuta:

Likita, a yi mini izini in ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu, domin a ganina babban mai lalata DNA a gidajenmu yana cikin rumbu ne.

Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya wahalar da shuka, ko ƙwari sun huda ƙwayar, ko aka shanya amfani a kan ƙasa tsurarta, ko aka zuba shi a buhu bai gama bushewa ba. Tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Idan gubar ta shiga jiki, hanta tana ƙoƙarin sarrafa ta don fitar da ita, amma a garin haka sai ta mayar da ita wani sinadari da yake manne wa harafin G. Hanyar da Likita ta bayyana, ta yanke guntun igiya, tana cire da yawa daga ciki, wanda ya tsira har lokacin kwafi kuwa yakan mayar da G ya zama T. A 1991 aka gano cewa a kansar hanta ta mutanen kudancin Afirka da yankin Qidong na ƙasar Sin, wannan sauyi yana yawan faɗawa a wuri guda, gurbi na 249 na ƙwayar gadon p53, daga baya kuma aka same shi da yawa a Gambiya.

Abin ya fi muni idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasashenmu. Wani bincike da aka yi a kan maza a birnin Shanghai ya nuna cewa gubar kaɗai tana ninka haɗarin kansar hanta kusan sau 3, ciwon hanta kaɗai kusan sau 7, amma idan suka haɗu ninkin yana kusantar 60. Hanta mai kumburi kullum cikin sabunta ƙwayoyinta take, wato wa'adin gyaran da Malam ya ambata ya gajarta.

Abin da nake gani a kasuwannin ƙauye shi ne, idan aka tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi birni ko wajen 'yan kasuwa, ita kuwa motsattsiya mai baƙi-baƙi da ɗaci a sayar da ita da araha ga masu ƙuli-ƙuli, ko a ajiye ta don miyar gida. Suya da dafuwa ba sa kashe gubar, kuma idan an matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama. Ba wa dabbobi ma ba mafita ba ce, tunda tana fitowa a nonon saniya. Shanya a kan tamfol, da tabbatar da bushewa kafin ajiya, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da zubar da lalatacciyar ƙwaya, duk suna rage ta sosai. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta kuma samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, domin irin fumfunar da ba ta da guba ta riga mai guba kama wuri.

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci cewa jiki ba ya ganin sikila a matsayin ɓarna. Sai dai na ji ana cewa an samu maganin da ke gyara ƙwayar gadon sikila a ƙasashen waje, kuma a nan gida ina ganin ana tallar wasu ƙwayoyi da garin ganye a Facebook da WhatsApp ana cewa suna gyara DNA har su mayar da SS ya koma AS ko AA. Malam, mene ne gaskiyar waɗannan biyun?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Malama, na biyun ƙarya ne, kuma bayanin da ya gabata ya isa ya nuna dalili. Ko da an samu abin sha da zai ƙarfafa masu gyara, GTG ɗin da suka tarar za su ƙara kiyayewa. Idan aka gwada mai SS aka ga wani sakamako daban, abin da ya fi yawa shi ne an yi masa ƙarin jini a watannin baya, jinin wanda ya bayar ya bayyana a gwajin, ko kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu ba a yi shi daidai ba. Haɗarin wannan talla shi ne iyaye su daina ba yaro magungunansa, ko saurayi da budurwa masu AS su yi aure da zaton an sauya musu jini.

Na farkon kuwa gaskiya ne. Ingila ta amince da maganin Casgevy a watan Nuwamba na 2023, Amurka kuma a watan Disamba na shekarar. Yana amfani da fasahar CRISPR ta yanke DNA a wurin da aka zaɓa, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020, amma ba ya taɓa harafin sikila ko kaɗan. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da DNA, saboda haka ana ciro iyayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda asalinsu a ɓargo suke, a kai su ɗakin gwaji, a tsinke igiyoyin DNA biyu a wani zaɓaɓɓen wuri da ke kunna ƙwayar gado mai suna BCL11A. Ƙwaya tana da wata hanyar gaggawa ta haɗa bakin zare da ya tsinke ba tare da duba wani kwafi ba, kuma wannan hanya takan zubar da 'yan haruffa ko ta ƙara wasu a wurin haɗin. Wannan kuskure shi ake nema. Aikin BCL11A shi ne kashe sinadarin jan jini irin na jarirai bayan haihuwa, wanda shi ne yake kare jariri mai SS a watanninsa na farko, don haka idan aka lalata makunninsa sai ɓargo ya koma haɗa sinadarin jarirai, wanda yake hana ƙwayar jini lanƙwashewa.

Kafin a mayar wa majinyaci ƙwayoyinsa, sai an ba shi kemo mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargonsa, kuma wannan yana iya hana haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Haka kuma gyaran bai shafi ƙwai ko maniyyi ba, don haka wanda ya warke zai ba 'ya'yansa S kamar da. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa wanda jininsu ya dace ya girme shi, an kuma yi na farko a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, amma shi ma ba kowa ke samun mai bayarwa ko kuɗinsa ba.

A ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila a kowace shekara, abin da za ki fi haɗuwa da shi a wurin aiki shi ne maganin haidiroksiyuriya, ƙwaya ce da ake sha kullum, wadda ita ma ƙara sinadarin jarirai take yi ta wata hanya daban. An gwada ta a kan yara a asibitocin Kano, ciki har da asibitin koyarwa na Aminu Kano, aka ga tana rage shanyewar ɓarin jiki ga waɗanda hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. Tana rage wa ɓargo saurin kwafe DNA, shi ya sa ake auna jinin yaro lokaci-lokaci a daidaita masa adadin da zai sha gwargwadon nauyinsa.